An Soke Suna, Kaya Na Nan a Rumfa

Duk kasuwar da ta isa a kira ta kasuwa tana da littafi. Ko a ofishin sarkin kasuwa, ko a hammatar magatakardansa, akwai wani ƙaton littafi da gefensa ya yi baƙi don shan yatsu, inda aka rubuta cewa rumfa kaza ta wane ce, kaza ta wance, kaza kuma babu kowa. Baƙo ya zo neman Alhaji mai gero, ba sai ya bi layi-layi yana leƙe ba. A buɗa littafi a ce masa ya nufi 'yan hatsi, rumfa ta arba'in da biyu. Ranar da Alhaji ya ce ya bar kasuwa kuwa, magatakarda ko tashi daga kujera ba zai yi ba. Biro zai zaro daga bayan kunne, ya ja layi a kan sunan, ya rubuta "babu kowa" a gefe. A wurin hukuma rumfa ta zama fanko ke nan. Amma taka ka je ka leƙa ta kafar ƙofa: buhunan gero na nan jibge, mudu na kife a kai, har buzun salla na rataye a ƙusa. Haka za su zauna, wata ɗaya ko shekara biyar, sai ranar da aka ba wani rumfar ya zo da nasa kayan.

To, ba ƙari ba ragi, haka kwamfutarka take yi duk sa'ad da ka ce ta goge wani abu. Faifan ajiyar da ke cikinta kasuwa ce, irin wadda in ka haɗa Kurmi da Kwari da Dawanau ba za su cika lungu ɗaya ba. Rumfunan miliyoyi ne, 'yan mitsi-mitsi, girmansu ɗaya, kowace da lambarta, kuma galibi ba ta ɗaukar abin da ya wuce haruffa dubu huɗu da 'yan kai. Hoton biki guda sai ya ci rumfa ɗari bakwai. Fim kuwa, ana maganar dubu ɗari biyu ko fiye. Ba lallai ma su kasance a jere ba: kan hoton yana layin 'yan goro, ƙafafunsa na can bayan 'yan tukwane. Littafin ne kaɗai ya san wace rumfa ke bin wace.

In kana musu, gwada da kanka. Tura fim daga filash zuwa kwamfuta, ka ga yadda koren layin nan yake jan ƙafa, har ka sha shayi ka dawo. Yanzu goge fim ɗin. Kafin ka ɗauke yatsa an gama. Wane ɗan dako ne zai kwashe cikin ƙiftawar ido kayan da aka yi minti biyar ana saukewa? Ba wanda ya kwashe komai, biro ne ya yi aiki. Kwandon sharar nan ma da ke fuskar kwamfuta ko biron bai kai ba: sunan kawai aka mayar shafin baya na littafi, ko za ka sake shawara. Sai ka zazzage kwandon sannan a ja layin.

A tsohon tsarin rubuta littafin da ake kira FAT, wanda har gobe filash da memori da yawa suke tafiya a kansa, lalacin magatakarda ya kai inda ko sunan ba ya sokewa duka. Harafin farko kawai yake dannewa da wata alama. Garba ya koma _arba, lambar rumfarsa ta farko kuma na nan a gaban sunan. Wani Ba'amurke, Peter Norton, da wannan lalaci ya kafa jari: tun 1982 ya fito da 'yar manhajar da ke dawo da fayil ɗin da aka gutsure wa kai, mutane suka yi ta rububinta. Wato abin ba asiri ba ne, ba kuma kuskure ba ne. Don sauri aka gina shi haka, ya kuma zo daidai da halin ɗan Adam, mai gogewa da safe ya ciji yatsa da yamma.

Masu shiga kasuwar da dare neman kayan da aka soke sunansu iri biyu ne. Akwai mai bin littafi, irin manhajar Recuva, wadda ke karanta sunayen da aka ja wa layi ta je rumfunan ta tarar da kaya. Akwai kuma wanda littafin ma bai dame shi ba, irin PhotoRec, mai bin rumfa-rumfa da hanci. Kowane irin fayil da ƙanshinsa: hoto yana farawa da wasu alamomi da ba sa canzawa, takarda da nata, murya da nata. Layin 'yan daddawa ai ba ya bukatar allon sanarwa. Shi ya sa wanda ya ce maka ya yi wa filash fomatin, saboda haka hankalinsa kwance, ka tausaya masa. Fomatin na gaggawa sabon littafi ne aka kawo mai fararen shafuka aka jefar da tsohon. Kasuwa ko tsinke ba a ɗauke mata ba. Kuma manhajojin nan kyauta ne a intanet. Ba sai ɗan leƙen asiri ba, yaron da ya gama sakandare bara ya iya su. Ɗalibar da kundin digirinta ya goge saura mako ta miƙa, da su take tsira, in ta kashe kwamfutar nan take ta kai wa mai gyara kafin sababbin 'yan haya su shiga rumfunan. Sai dai ƙofar da mai gyara ya bi ya ceto kundin, ita wanda ya sayi tsohuwar kwamfutarka zai bi.

A 2003 wasu ɗalibai biyu na jami'ar MIT a Amurka, Simson Garfinkel da Abhi Shelat, suka ba da labarin wata sayayya da suka yi. Sun bi shagunan gwanjo da kasuwar eBay sun tara tsofaffin faya-fayai 158 a kan kuɗin da bai kai dala dubu ba. Cikin 129 da suka tashi, 12 kacal aka share yadda ya kamata. Sauran kuwa, ga wasiƙun soyayya, ga bayanan marasa lafiya, ga lambobin katin banki sama da dubu biyar. Ɗaya ma daga injin cirar kuɗi aka ciro shi, da lissafin shige da ficen kuɗin mutane a kansa. Shekara shida bayan haka wasu ɗaliban aikin jarida daga Kanada, da suka bi sawun tarkacen lantarki zuwa Ghana, suka sayi faifai a kasuwa dala arba'in, suka tarar da takardun kwangilolin tsaro tsakanin kamfanin Northrop Grumman da gwamnatin Amurka.

Wannan hanya kuwa mun san ta, don ta ƙofar gidanmu ta bi. Kwamfutocin gwanjon da ake saukewa a Legas su cika Ikeja, su hau mota zuwa Kano da Kaduna da Maraɗi, wasunsu da ragowar kayan masu su na farko suke zuwa. Mu ma haka muke yi wa junanmu. A kai waya Farm Centre a yi musaya a cika kuɗi, a bar wa ƙane tsohuwar kwamfuta, ofis ya yi gwanjon na'urorinsa, 'yan jari-bola su ɗauke wadda ta mutu. Me ke ciki? Hoton katin ɗan ƙasa, takardar banki, hotunan iyali na cikin ɗaki waɗanda ko maƙwabci ba a nuna wa. Mai kafe da ke cike wa ɗalibai fom, da kuma akawun asibiti, nasu ya fi nauyi, don kayan mutane ne a rumfarsu, kuma tun watan Yunin 2023 Najeriya na da dokar kare bayanan jama'a da ke iya hawa kansu.

To mene ne magani? A nan kasuwar faifai ta saɓa da tamu. Ita babu rumfar da ake kwashewa ta zauna wayam. Kowace dole tana ɗauke da wani abu, ko da jerin sifiri ne. Kaya ba sa fita ta ƙofa, sabon kaya ne ke cinye tsoho a inda yake. Saboda haka in kana son geron Alhaji ya ɓace, sai ka aiko da tifar yashi a juye a rumfar, yashin ya maye gurbin geron ƙwaya da ƙwaya. Abin da manhajojin shara na gaskiya suke yi ke nan: Eraser da SDelete a Windows, shred a Linux, da DBAN wanda ake tayar da kwamfuta da shi daga filash, ya bi faifan tun daga ƙofar gabas har ta yamma, har da littafin da kujerar magatakarda.

Tifa nawa za a juye? A nan ne aka yi shekaru ana camfi. A 1996 wani masani a jami'ar Auckland ta ƙasar New Zealand, Peter Gutmann, ya gabatar da takardar da ta tayar wa mutane hankali. Hannun da ke rubutu a kan faifan wancan zamani ba ya sauka daidai inda ya sauka jiya; yakan ɗan goce, ya bar gefen tsohon rubutu yana leƙowa. Kamar dai tsabar geron da ke maƙalewa a tsagar daɓe da gindin bango: ka share, ka zuba yashi, amma kaza in ta shigo ta san abin da aka sayar a nan. Kazar ita ce na'urar hangen maganaɗisu ta ɗakin bincike, mai ɗan karen tsada. Sai ya tsara shara sau 35, kusan kowace da irin yashinta. Abin da mutane suka tsallake wajen karatu shi ne, sau 35 ɗin nan farantin mai magani ne na bakin kasuwa: ga na shawara, ga na basir, ga na ciwon baya, duk a wuri ɗaya, saboda faya-fayan lokacin iri-iri ne, kowane da salon rubutunsa. Babu majinyacin da aka ce ya shanye farantin duka. Shi kansa Gutmann daga baya ya yi wa takardar ƙarin bayani, yana ƙorafin cewa an mayar da lissafinsa kamar surkullen korar aljanu, alhali faifan zamani ba ya bukatar haka.

Faifan yau rumfunansa sun matsu har babu tsagar da ƙwaya za ta maƙale. Hukumar NIST, mai tsara ma'aunai a Amurka, ta faɗa tun 2006 cewa faifan da aka ƙera bayan 2001 shara ɗaya ta ishe shi. Amma har yanzu za ka buɗe manhaja ka ga jerin zaɓi, sau uku mai tambarin ma'aikatar tsaron Amurka, sau bakwai, sau 35, zuciya kuma ta raya maka cewa a yawa albarka take. Yi lissafi, malam. Faifai mai tera ɗaya yana cin awa biyu zuwa uku a zagaye guda. Sau 35 kwana uku ne ko huɗu ba ɗauke wuta, wanda a garuruwanmu shi kaɗai ya isa a ba jikoki labari. Ni dai a ganina, wanda ya ƙona man janareto na kwana huɗu don tsoron kazar ɗakin bincike, alhali hotunan suna cikin wayar abokansa goma, ya bar jaki yana dukan taiki.

Inda ake yin asarar gaske ba a yawan tifa ba ne, a rumfunan da aka manta ne. Ka binne takarda ɗaya da yashi, alhali manhajar rubutu ta ajiye kwafinta na wucin gadi a wani layi sa'ad da kake aiki, ta soke sunan da kanta ta bar kayan. Hoton da ka share ya bar ɗan ƙaramin kwafinsa a inda kwamfuta ke tara hotunan leƙe. Maganin wannan shi ne a bi duk rumfar da littafi ya ce babu kowa a cika ta da yashi. Windows na da umarnin cipher da ke yin haka, BleachBit ma na yi.

Duk wannan labarin tsohuwar kasuwa ne, faifai mai juyawa da kake jin ƙuginsa in ka kara kunne. Sabuwar kasuwa, wato SSD da ke cikin kwamfutocin yanzu, da filash, da memori, da ma'ajiyar wayarka, mulkinta daban ne. Daɓen rumfunanta ba ya jure zirga-zirga: in aka sauke kaya aka ɗauka sau 'yan dubbai a wuri ɗaya, sai ya fashe. Kuma ba a sake zuba kaya a rumfa sai an share layinta gaba ɗaya. Don haka masu ƙira suka ajiye wani yaro mai wayo a bakin ƙofa, da nasa littafin na sirri wanda ko kwamfutar ba ta gani. Aikinsa ya hana wani layi mutuwa wani na hutawa. Ka zo da tifarka ka ce a juye a rumfa ta arba'in da biyu. Ya ce, an gama, ranka ya daɗe. Sai ya kai yashin wata sabuwar rumfa can ƙurya, ya ciro allon lamba arba'in da biyu ya kafa a kanta. Ka zo dubawa, ka ga lamba, ka ga yashi, ka tafi kana sa masa albarka. Geron kuwa na can a tsohuwar rumfar, ba lamba ba suna, yana jiran ranar da masu shara za su biyo ta layin. Banda haka, kasuwar tana da layukan ajiya a bayan katanga, kamar kashi bakwai cikin ɗari ko fiye, waɗanda ba sa cikin lissafin da aka sayar maka, kuma tifarka ba ta da hanyar shiga can.

Wasu masana a jami'ar Kalifoniya da ke San Diego sun gwada wannan a 2011. Ba su tsaya tambayar yaron ƙofa ba, katanga suka haura: suka ɓalle ƙwayoyin ajiyar suka karanta su kai tsaye. Fayil ɗin da aka bi da shara iri-iri, har da masu tambarin gwamnati, sun tarar da ragowarsa daga kashi huɗu har zuwa kashi 75 cikin ɗari. Akwai wani umarni da ake gina wa faifai tun daga masana'anta, wanda ke sa yaron ya share kasuwar duka har bayan katanga, kuma shi ne ya dace da SSD. Amma cikin goma sha biyun da suka gwada, huɗu ne suka cika umarnin sosai. Ɗaya ma cewa ya yi ya gama, alhali komai na nan yadda yake. Shi ya sa bayan kowace shara yake da kyau ka saki mai hancin nan, irin PhotoRec, ya zaga ya gaya maka abin da ya shinshino. Kamfanin Apple kuwa, a 2015, cire maɓallin sharar fayil ta musamman ya yi daga kwamfutocinsa, don ba zai iya rantsuwa a kan alkawarin da maɓallin ke yi a SSD ba.

A yi wa sabuwar kasuwa adalci, tana da ɗabi'a ɗaya mai kyau. Tun zamanin Windows 7 kwamfuta takan raɗa wa yaron ƙofa cewa rumfuna kaza an sallame su, shi kuma ya turo masu shara in kasuwa ta yi sanyi. Shi ya sa abin da ka goge a sabuwar kwamfuta sau da yawa ko mai gyara ba ya iya dawo da shi. Amma ba kai ke sa wa masu sharar rana ba, kuma filash da memori galibi ba a yi musu wannan raɗar.

Dabarar da ta fi duka, a wurina, ba shara ba ce. Tun ranar da aka buɗe kasuwa ake kafa wani inji a bakin ƙofa, duk buhun da zai shiga sai an gauraya shi da yashi da ƙaiƙayi bisa wani awo da mabuɗi ɗaya tak ya sani. Mai mabuɗi in ya zo ɗauka, injin ya tace masa geronsa tas. Wanda ya haura katanga kuwa, kowace rumfa ya buɗa tarkace zai gani, har ta bayan katanga, har wadda yaro ya cire wa lamba. Mabuɗin lamba ce mai tsawon alƙaluma saba'in da 'yan kai, wadda in duk kwamfutocin duniya suka taru suna canka, har a busa ƙaho ba za su dace ba. Ranar da ka tashi rabuwa da na'urar ba ka bukatar tifa ko ɗaya. Mabuɗin za ka jefa a wutar maƙera, nan take kasuwa duka ta zama juji.

Abin da wayarka ke yi ke nan in ka mayar da ita yadda ta fito daga kamfani, shi ya sa ba ta ɓata maka lokaci. iPhone tun samfurin 2009 take da injin a ƙofa. Android ta makara: sai a 2015 aka fara tilasta shi, aka kuma ɗaga wa ƙananan wayoyi marasa ƙarfi ƙafa, har zuwa Android 10 a 2019 da ya zama dole ga sababbin wayoyi. Kafin nan an sha kunya. A 2014 kamfanin Avast ya sayi wayoyin gwanjo ashirin waɗanda masu su suka goge kafin sayarwa, ya fito da hotuna wajen dubu arba'in. Irin waɗannan tsofaffin wayoyi kuwa ba su ƙare a hannun mutanenmu ba. In irinta gare ka, shiga sashen tsaro ka kunna injin da kanka tukuna, sannan ka mayar da ita sabuwa, sannan ka bar kyamara ta yi ta ɗaukar bango har ma'ajiya ta cika, ka sake gogewa. Memori kuma zare shi ka sa a aljihu. Shi ne 'yar rumfar da ke wajen ganuwa, injin ƙofa galibi bai san da ita ba, kuma shi aka fi mantawa a cikin waya ranar ciniki.

A kwamfuta sunan injin BitLocker a Windows, FileVault a Mac, ga kuma VeraCrypt na kyauta. Sharaɗin dai a kunna shi da wuri. Wanda ya kafa inji bayan shekara uku ana ciniki, geron da yaro ya ɓoye a bayan katanga tun bara ba lallai ya bi ta cikinsa ba. Kuma injin ba ya sanin fuska: in ka ɓatar da mabuɗin, kai ma juji za ka tarar.

Sai kuma abin da babu tifa ko mabuɗin da ke maganinsa, wato kayan da suka riga suka tafi wata kasuwa. Hoton da ka tura ta WhatsApp yana wayar wanda ka tura wa, yana cikin ajiyar da wayarsa ke kaiwa Google Drive da dare, wataƙila ma yana wayar matarsa. A watan Yulin 2013, a ɗakin ƙasa na jaridar Guardian a Landan, editoci suka sa injin yankan ƙarfe da na huda suka ragargaza kwamfutocin da ke ɗauke da takardun sirrin da Edward Snowden ya kwarmata, jami'an leƙen asirin Birtaniya biyu na tsaye a kansu. Kowa a ɗakin ya san akwai kwafi a Amurka da Brazil. An dai rushe rumfa ne don a ce an rushe.

Rushewar ma sai an iya. Faifan da ya mutu, wanda ba ya tashi balle a zuba masa yashi, babu abin da ya rage masa sai maƙera, amma kada ka ɗauka jefa shi a wuta ko a rijiya ya isa. Kumbon Columbia da ya tarwatse a samaniyar jihar Texas a 2003, an tsinci wani faifai daga cikinsa a ƙone, ya faɗo daga nisan kilomita wajen sittin, amma wani kamfani a Minnesota ya ciro kusan duk abin da ke kansa. Kwance shi za ka yi, ka fito da faya-fayan nan masu ƙyalli kamar madubi. Na ƙananan kwamfutoci sau da yawa gilashi ne, guduma ɗaya sun zama gari, sai dai ka kare idonka. Na manya kuwa sai mai walda ya bi fuskarsu da injin gurza ya huda su. Maganaɗisun lasifika da ake cewa a goga ba abin dogaro ba ne. Na gaske inji ne na musamman da manyan hukumomi ke saya, kuma ko shi ba ya tsinana wa SSD da filash komai, don su ba da maganaɗisu suke riƙe kaya ba. Su sai an bi 'yan baƙaƙen ƙwayoyin nan ɗaya bayan ɗaya an farfasa. Waya kuma a cire mata batir kafin a ɗaga guduma, in ba gobara ake nema ba.

In kuwa aikin ya fi ƙarfinka har sai ka ba wani, tsaya a kansa. Bankin Morgan Stanley na Amurka, da duk dukiyarsa, ya tashi rufe wasu rumbunan kwamfutocinsa a 2016, sai ya ba kamfanin kwasar kaya kwangilar lalata dubban na'urori, wato 'yan dakon da ba su taɓa yin irin wannan aiki ba. 'Yan dako suka duba suka ga kaya garau, suka sayar wa wani, daga nan kaya suka faɗa gwanjon intanet da bayanan abokan cinikin bankin a ciki. Sai da wani da ya sayi wasu a Oklahoma ya rubuto wa bankin cewa ga kayansu a hannunsa sannan suka farga. A 2022 hukumar kula da hannayen jari ta Amurka ta ci su tarar dala miliyan 35, a kan sakacin da ya shafi mutane wajen miliyan goma sha biyar, kuma mafi yawan na'urorin ba a gano inda suka shiga ba. Hukumar ta kuma ambaci wasu kwamfutoci 42 na rassan bankin da suka yi ɓatan dabo. Irinsu suna da injin gauraya a ƙofa, amma shekara da shekaru ba wanda ya kunna shi.